Kujerar Bakin Taga

Litinin, da yamma

Malama ta ce duk mai koyon wannan aiki dole ya riƙa rubuta abin da ke ransa, wai bai kamata mu sa marasa lafiya abin da mu ba ma yi ba. To ga shi na rubuta. Abin da ke raina shi ne ƙafafuna ciwo suke, kuma mai motar haya ya sauke ni nesa da gida don rainin hankali.

Tunda an ce a rubuta har da aiki, bari in rubuta. Ina karatun yadda ake rage wa mutum nauyin zuciya da waƙa da karatu da rubutu, kuma a zangon ƙarshe aka tura ni ɗakin wankin ƙoda. Mutum uku nake zama da su ranakun Litinin, Laraba da Juma'a: Tsohon Soja, da Inna mai kujerar tsakiya, da Baba Tela na bakin taga. Suna kishingiɗe, inji yana jan jininsu yana mayarwa, hannun da allura take ciki ba ya motsi, saboda haka ba sa iya riƙe biro. Ni nake karanta musu gajeruwar waƙa, kowa ya faɗi layi ɗaya nasa, in rubuta, in haɗa, in karanta musu abinsu. Doka ɗaya ce a aikin, kuma Malama da kanta ta cusa mana ita tun shekarar farko: abin da mutum ya faɗa shi za ki rubuta. Ba gyara, ba kwalliya, ba "abin da yake nufi shi ne".

Baba Tela ne ya sa min suna Sakatariya. Tun da na fara zuwa layinsa ɗaya ne: "Sakatariya, rubuta: babu." Amma baki kam akwai shi. Ya zagi fanka, ya zagi matashin kai, ya ce wa Sista, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, da ƙafa aka ɗinka rigar aikinta.

Yau na yi wauta, na karanta waƙar ruwan sama ga mutanen da aka ƙayyade wa ruwan sha da ɗan kofi. Ina gamawa ya ɗago ya ce, "Sakatariya, rubuta. Duk wanda ya sha ruwa a gabana na tsane shi har ya ajiye kofin. Har matata. Har jikata."

Can Soja ya ce, "Wallahi ni ma." Inna ta fashe da dariya har da hawaye. Da na karanta masa layin ya ce in sake, na sake, ya ce, "Haka na ce." Ya lumshe ido ya yi barci. Sista ta ce ba ta taɓa ganin ya runtsa a kan inji ba.

Alhamis, da rana

Malama ta karɓi waƙar da na haɗa da layukansu. Manyan baƙi za su zo Laraba mai zuwa, waɗanda suka ba asibitin sababbin injina, wai za a buga ta a sa a gilashi a rataya. Na tambayi su ukun jiya, sun yarda. Baba Tela ya ce a rubuta nasa da manyan baƙaƙe, don masu shan ruwa su gani daga nesa.

Laraba, da yamma

Ba zan rubuta komai ba yau.

Alhamis, da safe

Yau kam zan rubuta, in ba haka ba zan fasa wani abu a gidan nan.

Baƙin sun zo, wajen su goma, turare ya cika ɗakin. An bi su da tire ana raba musu ruwan gora mai sanyi, a ɗakin wankin ƙoda! Wanda ya yi wannan tunanin Allah ya shirye shi. Aka yaye ƙyallen da ke kan gilashin, aka yi tafi, aka ce a karanta.

Layin Soja yana nan. Layin Inna yana nan. Da aka zo na ƙarshe ga abin da ke jiki, da manyan baƙaƙe kamar yadda ya roƙa: "Duk wanda ya sha ruwa a gabana ina yi masa murmushi, don ciwo ya koya min haƙuri." A ƙasa an sa: Baba Tela.

An karanta shi haka, a gabansa. Mutumin da allura biyu suke hannunsa, jininsa yana cikin roba, ko da yana so ya tashi ya fita ba hali. Wata mata mai mayafi ruwan hoda ta share hawaye. Wani babba ya matso ya dafa kafaɗarsa, gorar ruwan tana hannunsa tana ɗiga a kan bargon, ya ce, "Baba, ka koya mana darasi."

Na jira ya wanke su tas. Wallahi na jira, har addu'a nake ya buɗe baki. Mutumin da bai ƙyale fanka ba. Bai ce uffan ba. Ya juya fuska ga taga har suka fita, har inji ya gama. Aka cire masa allura, ya hau sikeli, ya sauka, ya tafi bai zagi kowa ba.

Ba zan rubuta wanda ya karanta ba. Ba shi ne maganar ba.

Juma'a, da rana

Kujerar bakin taga ba kowa. Sista ta ninke bargon ta ajiye a kai. Ta ce mutane sukan tsallake rana ɗaya, kada in ɗaga hankalina. Na karanta wa Soja da Inna waƙa, ni kaina ban san abin da na karanta ba.

Asabar, da hantsi

Maigidana ya ce tun Laraba nake buga ƙofofi kamar su suka yi min laifi. Na ce ya ƙyale ni. Ya ce, "To likitar waƙa, ke wa zai rera miki?" Da dariya ya faɗa, don ya saba in rama. Na ce masa in ba shi da abin faɗa ya je ya gyara famfon da ya yi wata yana cewa zai gyara. Ya tafi ya gyara. Wannan ma haushi ya ba ni.

Na kira lambar matar Baba Tela da Sista ta ba ni, tana ta ringi ba a ɗauka.

Litinin, bayan an tashi

Bai zo ba.

Sista ta daina cewa kada in damu. Ta ja ni bayan labule ta yi min bayanin da na riga na sani, amma jin sa daga bakinta daban ne. Ƙodarsa ba ta fitar da komai. Duk abin da ya sha yana nan a jikinsa, zai taru a ƙafa, ya hau ciki, ya kai huhu. Ga gishirin jini da ke taruwa yana taɓa zuciya. Na ce kwana nawa mutum yake iya kaiwa? Ta ce, "Ba irin tambayar da nake amsawa ba ce." Ta ce ta samu matar a waya, matar tana kuka, ta ce ya ce ba inda za shi.

Daga nan kai tsaye ofishin Malama na nufa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kin canja masa magana."

Ta ce, "Zauna tukuna."

Na ce na fi son tsayuwa.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce shugaban asibiti ya ga waƙar ya ce ba za a rataya "na tsane shi" a gaban mutanen da suka kawo injina ba. Ko a sassauta layin, ko a rufe zaman namu gaba ɗaya. "Me kike so in yi?"

Na ce, "Ki ce kada a rataya komai. Ko ki je ki tambaye shi. Yana nan a kujera ɗaya sau uku a mako, ba ɓata ya yi ba. Ke kika koya mana dokar nan, Malama. Ke kika taɓa mayar min da aiki saboda na canja wa wata mata 'haushi' zuwa 'damuwa'."

Sannan ta ce, "Na yi kuskure, ban musa ba. Amma ki saurare ni. Mutum ba ya daina wankin ƙoda saboda layin waƙa. Akwai abin da ke cinsa wanda ni da ke ba mu sani ba. Kada ki ɗora wa kanki girman da ba ki da shi."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wataƙila gaskiya ta faɗa. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ki rubuta fushin nan, zai taimake ki." Ga shi ina rubutawa, Malama. Bai taimaka ba.

Talata, da safe

Na buɗe littafin karatunmu, babin da ya ce rubutu yana sauke hawan jini. Na rufe shi na ɗora tukunya mai zafi a kai.

Laraba, da yamma

Bai zo ba. Sau uku ke nan.

Na zauna da takarda na ce to, yau wa zai fara? Inna ta ja bargo har wuya ta ce kanta na ciwo. Soja ya dube ni ya ce, "'Yata, in na faɗa, wanne za a rubuta? Nawa ko na masu gyara?" Ba da faɗa ya ce ba, da ma da faɗa ne da ya fi min sauƙi.

Gilashin yana rataye daidai inda in Baba Tela ya ɗago daga kujerarsa shi zai fara gani. Mako guda yana nan, masu shara suna goge shi. Na tura kujerar baƙi na hau, na ciro shi da ƙusar gaba ɗaya, har fenti ya ɓalle. Sista ta ce, "Ke, za ki jawo wa kanki." Na ce na jawo. Na kai shi bayan ɗakin na jingina da kwandon shara, fuskarsa a bango. Soja ya ɗaga hannun da ba allura ya sara min.

Na ɗauka zan ji sanyi. Ban ji ba, kujerar dai ba kowa.

Alhamis, da yamma

An hana mu zuwa gidan majinyaci, yana cikin abin da muka sa hannu a kai. Na je.

Shagon yana wani lungu bayan masu gyaran waya, gidan kuma a bayansa. Matarsa ce ta tare ni a ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Shigo 'yata, ko ke zai ji maganarki. Ni na yi har na gaji, 'yan'uwansa sun yi, kowa lallashi yake."

Yana zaune a bencin da yake yanka yadi, an jera masa matasai a baya don ba ya iya kwanciya. Keken ɗinkin an lulluɓe shi da zane. Ƙafafunsa sun cika har yatsun sun rabu da juna, takalmin yana gefe ba ya shiga. Yana magana yana tsayawa ya nemi numfashi.

Ya ce, "Sakatariya. Wasiyya aka aiko ki rubutawa?"

Na gaishe shi, bai amsa ba. Na ce, "Baba, na cire abin nan daga bango."

"Sannu da ƙoƙari."

"Ba ni na canja ba."

"Na sani." Ya ja numfashi. "Amma bakin wa ya karanta? Kin zo wurin kin tsaya. Na ga kin tsaya. Kin kalle ni, kin kalli Malamarki. Sannan kika ci gaba."

Bakina ne ya karanta.

Sai ya ce, "Kuma kada ki ɗauka don waƙarku ce. Ba ku kai ba."

Na ce, "To don me?"

Ya ce, "Na gaji."

An koya mana abin yi a nan. A sassauta murya, a maimaita wa mutum kalmarsa, a ce "na ji ka gaji", a bar shiru ya yi aikinsa. Na ci jarrabawa a kan wannan. Amma ina kallon ƙafafun nan wani abu ya turnuƙe ni, sai na ji muryata ta cika shagon.

Na ce, "Ka gaji? Ita wannan da ke tsaye a ƙofa ba ta gaji ba? Kana da bakin zagin fanka, kana da bakin zagin rigar Sista, amma ranar da aka yi maka ƙarya a gaban idonka sai ka juya ka kalli taga! Ka bar ni ni kaɗai a tsaye, da ka yi tari ma da na daina! In haushina kake ji, ka zo kujerarka ka zage ni kamar yadda ka saba. Amma ka zauna nan kana kumbura don ka ƙona mana rai, wannan ba fushi ba ne, Baba, ragwanci ne. Rago kawai!"

Matar ta ce, "Innalillahi."

Ya lalubo kwalin zare ya jefe ni da shi, ya same ni a kafaɗa, zarurruka suka watse a ƙasa. "Fita min daga shago, marar kunya! Wa ya haife ki da za ki ce min rago? Fita!" Tari ya sarƙe shi, yana tarin yana nuna min ƙofa.

Matar ta raka ni bakin lungu. Ta ce, "Rabon da wani ya ɗaga masa murya tun ranar da aka ce ƙoda ce." Ban gane ko godiya take ko Allah ya isa ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Juma'a, da rana

Bai zo ba.

Na ce wa mutumin da ba ya iya numfashi rago. Sa'an mahaifina.

Juma'a, da yamma

Malama ta kira ni. Maganar gilashi ta kai ga shugaba, maganar shago kuma matar ta gaya wa Sista a waya, Sista ta ce dole ta faɗa. An hana ni shiga ɗakin wankin ƙoda har sai kwamiti ya zauna. Malama ta ce, "Kin je gidan majinyaci kin yi masa ihu. In wani abu ya same shi, kin san abin da za a ce?" Na ce na sani. Na ce, "Wanda ya canja masa magana shi wane kwamiti zai zauna a kansa?" Ta ce in fita. Kwanan nan kowa korata yake.

Asabar, da safe

Maigidan bai yi min wasa ba yau. Ya zauna kusa da ni, na ce ya tashi, ya ƙi.

Lahadi, da hantsi

Matar Baba Tela ta kira. Suna ɗakin gaggawa tun jiya da yamma. An sa shi a inji nan take, an cire ruwa mai yawa. Na ce, "Mama, shi ya ce a kawo shi, ko ɗaukarsa aka yi?" Ta ce ba ta ji na, wurin da hayaniya. Na sake tambaya, ta ce likita ya zo, ta kashe.

Sista ta gaya min abin da likitan ya ce game da zuciyarsa. Ba zan rubuta shi ba.

Litinin, da yamma

Baba Tela yana hawan sama na asibitin, a ɗakin da ba a barin kowa ya shiga. Na zagaya asibitin sau biyu na dawo gida. Na yi faɗa da mai kanti a kan kwan da ya fashe a leda, na yi faɗa da maƙwabciya a kan igiyar shanya. Ba wanda ya yi min komai a cikinsu.

Haushin Malama nake ji. Haushin mai gorar ruwa nake ji. Haushin shi kansa nake ji, wallahi har yanzu, da na gan shi sai na ƙara masa. Wadda ta tsaya ta kalle shi sannan ta ci gaba da karatu kuwa, ita ban san yadda zan yi da ita ba.

Laraba, da rana

An hana ni ɗakin, ba a hana ni baranda ba. Na zauna a bencin da 'yan rakiya suke zama, daf da ƙofar, tun kafin a kunna injina. Soja ya wuce da sandarsa ya ɗaga min gira. Inna ta wuce ta matse min hannu. Aka ja labulen ƙofa.

Ban ga lokacin da aka shigo da Baba Tela ba, ashe ta ƙofar baya suke saukowa da na sama, a keken marasa lafiya. Ina zaune ina kallon tayil sai na ji murya, ta dushe, tana yankewa, amma tasa ce.

"A hankali mana! Wa ya koya miki sa allura, mahauci?"

Sista ta ce wani abu ban ji ba. Ya ce bargon yana warin magani. Ya ce likitan jiya yaro ne, ko gemu bai gama fitowa ba. Ya ce wa Soja ya rame. Na dafe bencin da hannu biyu.

Sai ya nemi numfashi, na ji ya ɗaga murya yadda zai iya.

"Sista, waccan marar kunyar da ke bayan labule, ina ganin takalminta. Ki gaya mata ragon ya zo."

Ya ce takalmin ma ba kyau. Ya ce ba tarbiyya, ya ce da 'yarsa ce da ta gane kurenta, ya ce ko karatun ma ban iya ba, sauri nake kamar ana kora ta. Yana yi yana hutawa yana ci gaba. Wata 'yar rakiya ta miƙo min hankici ta ce, "Baiwar Allah, wa yake zagi haka?"

Na ce, "Ni."

Ta ce in tashi mana in bar wurin. Na ce a'a, bai gama ba.